Yadda Ake Haɗa Hedifon da Tsohuwar Talabijin Wadda Ba Ta da Kafarsa

A gidaje da yawa har yanzu tsohuwar talabijin ce ke zaune a falo, ko dai mai ƙusumbin nan da aka saya shekaru ashirin da suka wuce kuma ta ƙi lalacewa, ko kuma shafaffiya ta farko-farko da aka samo a wurin masu sayar da kayan hannu. Buƙatar sauraro da hedifon takan taso ne ta fuska biyu: akwai mai son kallon wasan ƙwallo da dare bayan iyali sun kwanta, akwai kuma dattijon da jinsa ya ragu, wanda idan za a ƙara masa murya har ya ji labarai ko tafsiri sosai, sai maƙwabta ma su ji. Mutum yakan ɗauki hedifon ya duba gaban talabijin ɗin da gefenta yana neman ƙaramin ramin nan mai faɗin milimita 3.5, sai ya tarar babu shi. Wannan ba ya nufin an rasa hanya, amma aikin yana buƙatar a fara gano inda sautin yake fitowa kafin a kashe ko sisi a kasuwa.

Kafofin da ke bayan talabijin iri biyu ne, na shiga da na fita, kuma kamanninsu ɗaya ne, rubutun da ke gefensu kawai ke bambanta su. Wadda aka rubuta wa IN tana karɓar sauti da hoto ne daga dikoda ko na'urar DVD, ba ta bayar da komai. Wadda aka rubuta wa OUT ita ce ke fitar da sauti. Mafi yawan kafofin tsohuwar talabijin na shiga ne, kuma a nan mutane da dama ke tafka kuskure. Ni ma na taɓa yinsa: na sayo wayar haɗi a wani shago, mai shagon ya tabbatar mini za ta yi, na dawo gida na cusa ta a ja da farar kafar da ke gaban talabijin, na shafe kusan rabin awa ina murɗa ta ina zargin wayar ce jabu, alhali kafar shiga na sa ta. Saboda haka matakin farko shi ne ka cire talabijin ɗin daga wuta, ka juyo bayanta, ka goge ƙura, ka haska da tocila domin rubutun sau da yawa a jikin baƙar roba aka zana shi ba tare da fenti ba, sannan ka ɗauki hoton kafofin da wayarka. Hoton nan zai yi maka amfani a gaban mai shago fiye da dogon bayani.

Idan ka yi sa'a za ka ga kafofi biyu masu zagaye, ja da fara, an rubuta musu AUDIO OUT, ko MONITOR OUT, ko TV OUT. Sunansu RCA, daga sunan kamfanin Amurka da ya ƙirƙiro su. Jar tana ɗauke da sautin dama, farar na hagu, rawayar da ke kusa da su kuwa ta hoto ce, babu ruwanka da ita. Abin da ke fara zuwa wa mutum a rai shi ne ya sayi gajeriyar waya mai kan RCA biyu a gefe guda da ramin hedifon a ɗaya gefen, ya haɗa kai tsaye. Za a ji sauti, amma galibi ƙasa-ƙasa, siriri, babu nauyi, kuma babu yadda za a ƙara shi. Dalili kuwa shi ne ba a yi wannan kafar don ta motsa sifika ba, an yi ta ne don ta miƙa wa wata na'ura sigina mai rauni, kimanin kashi ɗaya cikin uku na volt, kuma tana tsammanin na'urar da za ta karɓa tana da turjiya, wato ƙarfin hana wuta wucewa, ta ohm 10,000 ko fiye. Hedifon na yau da kullum kuwa turjiyarsa tsakanin ohm 16 ne da 32, wato yana neman jan wutar da kafar ba ta iya bayarwa. Kamar a ɗaura wa ɗan akuya amalanken jaki ne, zai ɗan motsa ta, amma ba za a je ko'ina ba.

Akwai matsala ta biyu a tattare da wannan kafa. A talabijin da yawa ƙarfin sautin da ke fita ta nan a tsaye yake, rimot ba ya ƙara shi kuma ba ya rage shi. Wasu suna da zaɓi a cikin saitin sauti tsakanin Fixed da Variable, na biyun shi ne ke bin rimot, amma tsofaffi masu ƙusumbi ba kasafai suke da shi ba. Tsayuwar sautin tana da alfanu ɗaya babba, domin kana iya rage muryar talabijin ɗin har ƙasa ɗakin ya yi tsit alhali hedifon yana ci gaba da aiki, ko kuma ka bar wa iyali muryarsu daidai wa daida, dattijo ya ƙara tasa a kunnensa shi kaɗai. Sharaɗin dai shi ne a sami wani abu a tsakani mai maɓallin ƙara murya nasa.

Wannan abin shi ne ƙaramar amfilifayar hedifon, 'yar akwati da ba ta kai tafin hannu ba, tana da kafar shiga, da ramin hedifon ɗaya ko fiye, da abin murɗawa. Haɗin ba shi da wuya: waya daga ja da farar kafar fita ta talabijin zuwa kafar shiga ta amfilifayar, hedifon a raminsa, ita kuma a ba ta wuta, yawancinsu da cajar waya mai volt 5 ko da tasu adaftar. Kafin ka saya, ka duba ɗakin ajiya tukuna. Tsohuwar rediyo mai kaset, ko na'urar kiɗa ta gida, ko ƙananan sifikun kwamfutar tebur, duk wadda ke da kafar AUX IN ko LINE IN tare da ramin da aka rubuta wa PHONES, to amfilifayar hedifon ce a zaune. Ka haɗa talabijin ɗin da kafar AUX, ka juya maɓallin zaɓi zuwa AUX, ka sa hedifon, sifikunta za su yi shiru da kansu. A ganina wannan ita ce hanya mafi arha kuma mafi dacewa da dattijo, saboda abin murɗawar babba ne, yana iya laluba shi ko a cikin duhu. Idan ramin rediyon babba ne, mai milimita 6.35, akwai ɗan ƙarfen adafta da ke mayar da shi ƙarami.

Wata talabijin kafa ɗaya tal take da ita ta sauti, fara ko baƙa, domin ba ta raba dama da hagu. Idan ka haɗa ta haka, kunne ɗaya ne zai yi magana. Maganinsa 'yar waya mai rassa biyu, kai ɗaya ya shiga talabijin, biyu su fita zuwa amfilifaya, sai sautin ya isa kunnuwan duka.

Yanzu ga yanayin da ya fi yawa a wurinmu, wato talabijin ba ta da kafar fita ko ɗaya, wata ma ramin eriya kaɗai gare ta. A nan sai ka tambayi kanka daga ina shirin da kake kallo yake zuwa. Kusan kowace tsohuwar talabijin a yau daga dikoda take samun hoto, ko ta DStv, ko GOtv, ko StarTimes, ko ta tauraron ɗan'adam ta kyauta, kuma sautin a cikin dikodar ake haifarsa, talabijin miƙa mata kawai ake yi. Saboda haka babu dalilin roƙon talabijin abin da za ka iya ɗauka tun daga tushe. Ja da farar kafar da ke bayan dikoda kafofin fita ne. Ka bar rawayar waya a jikin talabijin domin hoto, ka zare ja da farar daga talabijin ɗin ka kai su amfilifaya. Talabijin za ta yi shiru gaba ɗaya, hedifon kuma ya ɗauka. Idan kana son duka biyun su yi aiki ba tare da zare waya kullum ba, sai ka sa mai rassa biyu a kowace kafa, reshe ɗaya ya tafi talabijin, ɗayan amfilifaya. Idan kuwa dikodar ta ramin eriya ko ta HDMI take ciyar da talabijin, to ja da farar kafarta a sake suke, kuma a akasarin dikodoji suna fitar da sauti a lokaci guda. Wani ƙarin daɗi shi ne rimot ɗin dikoda yakan iya ƙara wannan sautin ya rage shi daga inda kake zaune. Iyakar wannan hanya ita ce ba ta ba ka sai sautin na'urar da ka haɗa. Idan ka koma DVD, dole ka mayar da wayar can, ko ka sayi ƙaramar akwatin sauya AV mai maɓallai uku ko huɗu ka ɗauki sautin daga kafarta ta fita.

A kula da wani tarko a jikin ƙananan dikodoji da akwatunan Android. Wasunsu suna da rami guda mai kama da na hedifon sak, an rubuta masa AV. Ba na hedifon ba ne. Hoto da sauti ne ke fita tare ta cikinsa, kuma idan ka sa hedifon kai tsaye kana iya jin sauti a kunne ɗaya, ɗayan kuma ƙara mai zuzuniya, domin siginar hoto ce ke shiga kunnenka. Wayar da ta zo da akwatin, mai rabuwa gida uku, ita za ka sa, sannan ka ɗauki ja da fara daga jikinta.

Talabijin da aka shigo da su daga Turai suna zuwa da wata faffaɗar kafa mai fil 21, sunanta SCART, a Faransa aka ƙirƙiro ta. Ita hanya biyu ce, tana karɓa tana kuma bayarwa: fil na 1 da na 3 ne ke fitar da sautin dama da hagu, na 2 da na 6 ke karɓa. Ana sayar da adaftar da ke mayar da ita RCA, kuma wadda za ka nema ita ce mai ɗan makunni a jiki da aka rubuta wa IN da OUT, ka tura shi gefen OUT. Sai dai kada ka ɗora mata dogon buri, domin a talabijin da yawa abin da ke fita ta SCART shi ne tashar da eriyar talabijin ɗin ta kamo, ba abin da ke kan allo ba, ta yadda kana kallon dikoda amma kana jin hayaniyar tashar da babu kowa. Idan akwai SCART biyu ka gwada ta biyun, wani lokaci ita ce ke bin allo. Idan duka suka ƙi, ka koma kan dikoda.

Shafaffun talabijin na shekarun baya-bayan nan sukan rasa ja da fara ta fita, a maimakonsu sai ka ga ƙaramar kafa mai kusurwa huɗu da murfi, an rubuta OPTICAL ko DIGITAL AUDIO OUT, idan talabijin tana kunne za ka hangi jan haske a ciki. Kamfanin Toshiba ne ya fito da ita a 1983, shi ya sa ake kiranta TOSLINK. Sautin a matsayin haske yake tafiya, a lambobi, don haka babu wata wayar da za ta kai shi kunne sai an bi ta na'urar da ke juya shi, wadda a kasuwa ake kira DAC. Ka nemi wadda ke da ramin hedifon da abin murɗawa, domin masu arhar ja da fara kawai suke fitarwa, ka ga an koma neman amfilifaya ke nan. Kafin ka cusa wayar haske, ka cire 'yar hular roba da ke kan bakinta, mutane da dama sukan manta da ita, kuma kada ka lanƙwasa wayar sosai. Abu mafi muhimmanci yana cikin saitin talabijin: ka shiga sashen sauti ka mayar da fitar sautin lambobi zuwa PCM. Idan aka bar shi a Dolby Digital ko Auto, ƙananan na'urorin nan ba sa iya warware shi, abin da za ka ji shi ne shiru ko wani tsatsa mai ƙarfi da ke iya razana mai hedifon a kunne. Idan talabijin ɗin ba ta da wannan kafar ma, amma dikodar ta HDMI take shiga, akwai na'urar da ake sawa tsakaninsu, ta bar hoto ya wuce ta zare sautin ta miƙo maka.

Duk abin da ya gabata da waya ake yinsa, kuma tsakanin talabijin da kujera akwai mita uku ko huɗu, wayar hedifon kuwa da wuya ta wuce mita ɗaya da rabi. Ƙarin waya yana magance wannan, sai dai a bi da ita gefen bango saboda yara da masu wucewa. Wanda ba ya son waya sai ya nemi na'urar aika Bluetooth. A nan a buɗe ido sosai, domin iri biyu ne masu kama da juna: mai karɓa, wadda ake sawa a mota ko a sifika don jin waƙar waya, da mai aikawa, wadda ita ce ake buƙata. A jikin kwali za ka ga TX ga mai aikawa, RX ga mai karɓa, wasu kuma suna yin duka biyun da makunni a gefe. Kasuwa ta fi cika da masu karɓa, kuma mai shago da bai fahimci buƙatarka ba ita zai miƙo maka. Ana haɗa mai aikawar da irin kafofin fitan da aka ambata, RCA ko ta haske, ba ta buƙatar amfilifaya saboda hedifon na Bluetooth yana da tasa a ciki. Tun da ba ta da allo, yadda ake sada su shi ne ka kashe Bluetooth na duk wayoyin da ke ɗakin don kada hedifon ya koma wa wayar da ya saba da ita, ka danne maɓallinsa har fitilarsa ta fara ƙyaftawa, ka yi wa na'urar haka, ka ajiye su kusa da juna har ƙyaftawar ta tsaya.

Aibin Bluetooth shi ne jinkiri. Na yau da kullum yana makara da kimanin kashi ɗaya cikin biyar na daƙiƙa, kuma da yake talabijin ɗinmu hoto 25 take nunawa a daƙiƙa, sautin yana bayan hoton da kusan hotuna biyar ke nan. A fim za ka ga baki ya motsa kafin magana ta iso, a ƙwallo kuma an riga an buga kafin ka ji bugun. Wasu ba sa damuwa, wasu kuwa ba sa iya jurewa ko na minti goma. Fasahar aptX Low Latency tana rage jinkirin zuwa kusan milisakan 40, wato tsawon hoto ɗaya, wanda ido ba ya kamawa, amma sai idan na'urar aikawa da hedifon duka suna da ita, kuma yawancin ƙananan iyafis na kasuwa ba su da ita. Jinkirin ya fi muni idan sifikar talabijin tana kunne a lokaci guda, domin mai hedifon zai riƙa jin kowace kalma sau biyu. Saboda haka idan dattijo ne zai zauna kallo tare da iyali, ni waya nake ba da shawara, ko kuma hedifon mara waya na musamman don talabijin, mai zuwa da gindinsa da ke aika sauti ta zangon rediyo, wanda jinkirinsa bai taka kara ya karya ba.

Bayan an gama haɗi wani lokaci sai a ji wani gunji mai kauri a ƙarƙashin sautin, wanda ba ya tafiya ko an canja tasha. Gunjin wutar gida ne mai bugu 50 a daƙiƙa, yakan shigo idan na'urorin suna shan wuta daga soket daban-daban, ko idan cajar da ke ciyar da amfilifayar mara kyau ce, kuma yakan ƙaru idan an koma kan janareta. Ka fara da tara filogan a soket ɗaya. Idan bai tafi ba, ka gwada ciyar da na'urar da fawa bank maimakon caja. Idan gunjin ya ɓace, ka gano mai laifi, sai ka canja caja. Idan ya ci gaba, akwai ƙaramar na'urar kashe gunji mai suna ground loop isolator da ake sawa a kan wayar RCA, masu haɗa kiɗan mota sun san ta sosai.

Saura talabijin da eriya kaɗai take amfani da ita, babu dikoda, babu kafar fita. Za a iya ba ka shawarar a buɗe bayanta a jawo waya daga sifika. Kada ka yi wannan da hannunka. Kwalbar talabijin mai ƙusumbi tana aiki da wutar da ta kai kimanin volt 25,000, kuma tana iya riƙe caji bayan an cire filogi. Bayan wannan, a wasu tsofaffin ƙirar ƙarfen cikin yana haɗe kai tsaye da wutar gida, wanda ke nufin wayar da aka jawo daga sifika tana iya kai volt 230 har kan mutum. A wasu kuma sifikun biyu ba su da wayar komawar wuta guda, wadda masu gyara ke kira ƙasa, idan aka haɗe wayoyinsu a ramin hedifon sai sashen sautin ya ƙone. Ƙwararren mai gyara yana iya yin aikin da ƙaramar taransifoma mai raba wuta da kuma resisto na rage ƙarfi, amma idan aka lissafa kuɗin aikin, sayen ƙaramar dikoda ya fi sauƙi, ga ƙarin tashoshi, ga ja da farar kafar da ake nema.

Ranar gwajin farko, ka murɗe abin ƙara murya har ƙasa kafin a sa hedifon a kunne, ka kunna dikoda, sannan talabijin, amfilifaya a ƙarshe, ka riƙa ƙarawa a hankali. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ma'aunin sauraro mara cutarwa ga babba a ƙarfin sauti desibel 80 na tsawon awa 40 a mako, ga yara kuma 75, kuma da yake babu mai ma'auni a falo, gwajin da za ka yi shi ne ka tsaya nesa da mai hedifon da tsawon hannu ka yi masa magana da muryarka ta kullum. Idan bai san kana yi ba sam, ko kuma kana jin sautin yana tsiyayowa daga hedifon ɗin, a rage. Ga dattijo, da zarar an sami matakin da yake ji sosai ba tare da an ƙure ba, ka ɗiga farin fenti ko ka manna ɗan salatif a daidai wurin a jikin abin murɗawar, domin idan jikoki suka taɓa a san inda za a mayar da shi.